Baƙaƙe uku a lambun Givat Ram

Daga Tel Aviv na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Yitzhak Navon a birnin Ƙudus, tafiyar rabin awa da 'yan mintuna. Tashar na can ƙarƙashin ƙasa kusan mita 80, sai an yi ta hawa kafin a ga rana. Mai niyyar zuwa ya guji yammacin Juma'a, domin jirage da bas-bas suna tsayawa har Asabar da dare.

Gidan Tarihin Isra'ila, wanda aka buɗe a 1965, yana unguwar Givat Ram daura da majalisar dokoki. A lambunsa na tarar da abin da ya kawo ni: manyan haruffan Ibrananci huɗu na ƙarfe mai launin tsatsa, biyu bisa biyu, sun ninka tsayin mutum. Ba'amurke Robert Indiana ne ya ƙera su a 1977. Daga dama ake karantawa: alef da he a sama, bet da he a ƙasa. Ahava ke nan, so da Ibrananci.

Haruffa huɗu ne, amma saiwar uku ce: alef, he, bet. He ta ƙarshe ɗafa-ƙeya ce mai nuna jinsin mace, nan ne masu koyo ke fara tuntuɓe. Saiwa, wadda suke kira shoresh, ba ta furtuwa sai an zuba mata wasula. Ohev, yana so. Ohevet, tana so. Ahavti, na so. Ahuv, abin ƙauna. A sa mata hit- a goshi, ta zama hit'ahev, so ya kama shi. Bet kuwa idan babu ɗigo a cikinta sautinta v ne, shi ya sa ake jin v alhali a saiwar b ce.

Aikatau na Ibrananci tsari bakwai yake bi, binyanim. Bahaushe ba zai yi baƙunta sosai ba, tunda mu ma saiwa ɗaya muke juyawa mu ce saya, sayo, saye, sayar, sayu, kuma harsunan biyu dangi ne na nesa.

Wasu kan ce ahava daga hav, wato ba ni, ta fito. Zance ne mai daɗi a wa'azi, amma saiwar hav daban ce: yod, he, bet. Haka hubbu, so da Larabci, saiwarsa daban ce da ta ahava. Ɗan'uwansa a Ibrananci shi ne haviv, mai harafin maƙogwaro het.

Daga lambun na taka zuwa harabar Jami'ar Ibrananci, inda Cibiyar Harshen Ibrananci take, wadda doka ta kafa a 1953. Aikinta ƙirar sababbin kalmomi daga tsofaffin saiwoyi, aikin da Eliezer Ben-Yehuda, jagoran farfaɗo da Ibrananci, ya yi ta fama da shi har rasuwarsa a 1922. A bakin ƙofa na ga allo ɗauke da mahshev, kwamfuta, daga saiwar het, shin, bet ta tunani da lissafi, 'yar'uwar hisabi da muka aro daga Larabci.