Yadda sunan shafina ya kusa kuɓuce mini a watan azumi

Saura kwana uku Sallah, shago cike da mutane, wata Hajiya da ke sarar shadda a wurina ta kira daga Yamai. "Alhaji, lafiya kuwa? Na buɗe shafinku in duba sababbin kaya, sai tallace-tallacen da ban gane ba nake gani. Saƙon imel ma da na turo ya dawo mini." Na jawo waya na rubuta adireshin. Babu hoton shadda ko ɗaya. Wani farin shafi ne kawai da rubutun Turanci, wai wa'adin sunan ya ƙare.

A watan Maris na 2021 na yi rajistar sunan, mai ƙarewa da .com, a wani kamfanin ƙasar waje. Abin da ya ja ni arha ce, shekarar farko ko dala biyu ban biya ba. Na kunna maɓallin da ke sa su cire kuɗi daga katina su sabunta da kansu duk shekara, na ɗauka na gama. A 2022 kuwa suka cire, amma wajen dala 15. Ban so ba, sai dai a matsayina na ɗan kasuwa na gane lissafin daga baya. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da .com baki ɗaya, shi ne babban dila, sauran duk masu sari ne a wurinsa. Lokacin da na yi rajista farashin sarin dala 7.85 ne a shekara. Wanda ya ba ka a dala biyu faɗuwa ya yi da saninsa, yana jiran ya fanshe a shekarun gaba. Kuma sarin kansa bai tsaya ba: ya koma 8.39 a Satumbar 2021, sai 8.97, sai 9.59, ya kai 10.26 a Satumbar 2024.

Abin da ya karya ni a 2023 kati ne. Tun 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Ranar sabuntawa kamfanin ya nemi kuɗi a katina, banki ya hana. Maɓallin yana kunne, amma ba abin da ke bayansa. Sun aiko da gargaɗi, wannan ba zan ɗora musu ba, don dokar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet a duniya, ta wajabta musu tunatarwa kusan wata guda kafin wa'adi, da kusan mako guda, da kuma bayan ya cika. Duk sun tafi wani tsohon adireshin imel da na daina buɗewa. Ga wahalar takardun kuɗi ta lokacin canjin naira, ga azumi ya shigo, ciniki duk ya koma WhatsApp. Sama da kwana arba'in ban leƙa shafin ba.

Da daddare ɗan ƙanwata, wanda ya karanta kwamfuta, ya zauna ya duba. Ya daɗe yana kallon allon kafin ya ce, "Kawu, bai tafi ba tukuna, amma ya shiga matakin fansa." Ya yi mini bayani. Idan wa'adi ya cika akwai ɗan sassauci, wanda ba ya wuce kwana 45, wasu kamfanonin ma ba sa kaiwa haka. A ciki kuɗin sabuntawa kawai za ka biya. Bayan nan sai kwana 30 na fansa, da tara mai nauyi. Sai kwana biyar da ba mai iya taɓa shi, daga nan a sake shi kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauka. Akwai kuma masu zaman jiran irin wannan, su kama suna su sa masa kuɗin da suka ga dama.

Wannan ne ya hana ni barci. Sunan yana jikin ledojin shagona, yana kan rasit, yana kan allon ƙofa. Wani zai iya ɗauka ya buɗe imel da sunana ya tura wa abokan cinikina lambar asusunsa. Ba ni zan yi asara ni kaɗai ba, mutanen da suka yarda da ni shekara da shekaru ne za a cuta.

Tarar ta kai wajen dala 80, ga kuɗin shekara a kai. Wani abokina mai katin dala ya biya, na ba shi naira a farashin kasuwar canji ta Wapa, lokacin dala ta haura 700. Kusan dubu saba'in ta fita a kan abin da da dubu goma sha ɗaya ya isa. Washegarin Sallah shafin ya dawo.

Abin da na gyara ba yawa. Na fahimci suna haya ne kamar shago, ba saye ba, don haka na biya shekara biyar a tare. Ana iya biya har goma. Wannan ya yi mini rana, don watanni kaɗan bayan haka aka saki naira, farkon 2024 dala ta wuce 1,500. Imel ɗin rajistar na mayar da shi wanda nake buɗewa kullum, kuma ba wanda ke rataye a jikin sunan ba, don idan sunan ya mutu shi ma ya mutu, gargaɗin ba zai iso ba. Na kuma tarar da wasu sunaye biyu da na kama don wata sana'ar da ban fara ba, ana ta cire musu kuɗi. Na kashe nasu maɓallin.

Na ƙara da wani mai ƙarewa da .com.ng a wurin kamfanin gida da ke ƙarƙashin NiRA, hukumar da ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, ana biya da naira, ba neman katin kowa. Ranar cikar wa'adin duka biyun kuma na rubuta ta da jan biro a bangon farko na littafin bashin shago, wanda ba ranar da ba na buɗe shi.