Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Magen Hajiya

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya samar mini aikin riƙe dabbobi a wani asibitin dabbobi a Zariya. Awaki da tumaki aka fi kawo mana, sai kaji. Mage kuwa ba kasafai ba, don mutanenmu gani suke ita ke kula da kanta.

Ina sabon zuwa wata dattijuwa ta shigo da mage cikin kwando. Fuskar magen ta kumbura, tafukanta ma haka, sai haki take. Likita ya ɗaga leɓenta, dasashin ya rine ya koma ruwan ƙasa.

"Hajiya, me kuka ba ta?"

"Panadol ne kawai, ɗan nan. Jikinta ne ya yi zafi, na sa jikana ya daka ya zuba mata a madara jiya da safe."

Likita ya yi shiru, sannan ya ce in kawo ruwan ƙari. Muna ɗaura mata yake yi mini bayani. Hantar mutum tana sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin Panadol, ta fitar da shi, ta mage kuwa ba ta da isasshen sinadarin wannan aiki. Sai maganin ya zama guba, ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iskar da take shaƙa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage. Akwai makari, acetylcysteine, amma yana son a zo da wuri. Wannan ta riga ta kwana. Kafin la'asar ta mutu, Hajiya na share hawaye da bakin mayafi. Tausayi ne ya sa ta bayar, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai har yau.

Daga baya na ga irinsa wajen mafarauta. Kare ya yi ɗingishi, a jefa masa ibuprofen ko diclofenac cikin tuwo, bayan kwana biyu ya fara amai da baƙin kashi, ciki ya yi gyambo, ƙoda ta tsaya. Diclofenac ɗin nan ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya da suka ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har gwamnatinsu ta hana ba dabbobi shi a 2006.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da likita ya fara tura ni ruga ni kaɗai.