Ɗan sa-kai a sahun farko: wa ya kamata ya biya masa kuɗin makaranta a zari-rugar jami'o'in Amurka (American football)?

A kakar 2016, Rodrigo Blankenship ne ke buga wa Jami'ar Georgia ƙwallon da ake aunawa tsakanin sanduna don samun maki 3. Aikin nasa ne, shi ake turawa fili duk lokacin da wasa ya zo wuya. Amma kuɗin makarantarsa daga gida yake fitowa, domin ɗan sa-kai ne, irin waɗanda Amurkawa ke kira walk-on, wato ɗan wasan da ya shiga ƙungiyar jami'a ba tare da an ba shi tallafin karatu na wasanni ba. A farkon 2017 mahaifinsa ya fito fili ya koka. Koci Kirby Smart bai ba shi tallafin ba sai a Satumbar 2017, a makon wasan Notre Dame, wasan da Georgia ta ci 20 da 19 da bugun Blankenship ɗin.

Ra'ayina a kan wannan ba mai sarƙaƙiya ba ne. Duk wanda koci ya amince ya sa shi a sahun farko mako bayan mako, jami'a ta riga ta yanke hukunci cewa ya fi 'yan wasan da take biya wa a wannan gurbi, don haka ta biya masa. Inda maganar take da wuya shi ne yadda za a yi, da lokacin da za a yi, da kuma aljihun da kuɗin zai fito.

Daga 1994 zuwa 2025 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade wa manyan jami'o'i, waɗanda ke rukunin FBS, tallafin karatu 85 a zari-ruga. A 1973 adadin 105 ne, aka rage shi zuwa 95 a 1978, aka ci gaba da zaftarewa har ya tsaya a 85. Kuma a wancan tsarin kai ake ƙirgawa, ba kuɗi ba: ko rabin kuɗin makaranta aka biya wa yaro, ya cinye gurbi ɗaya cikin 85. Wannan ne ya sa a lokacin babu maganar a ɗan taimaka wa ɗan sa-kai da kashi ɗaya cikin huɗu. Ko a ba shi duka, ko a bar shi haka. A rukunin FCS da ke ƙasa da shi, a wancan tsarin, lissafin daban ne, akwai tallafi 63 da ake iya gutsuttsurawa a raba wa mutum har 85. Rukuni na biyu yana da 36, rukuni na uku kuwa ba ya bayarwa sam, haka ma jami'o'in Ivy League, irin su Harvard da Yale.

Ƙungiya ba ta iya atisaye da mutum 85 kawai, a ganin masu horarwa. Wasa ne na karo, rauni ba ya ƙarewa, kuma kowane mako ana buƙatar wasu su kwaikwayi salon abokan karawa don 'yan sahun farko su gwada dabarunsu a kansu. 'Yan sa-kai ne ke wannan aikin, su ne jikinsu ke shan bugu daga Talata zuwa Alhamis. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi da yawa suka riƙa tara 'yan wasa 120 ko fiye, Nebraska ma takan kai kusan 150, al'adar da ta yi ƙarfi tun zamanin koci Tom Osborne, lokacin da yaran ƙananan garuruwan jihar ke tururuwar zuwa su gwada sa'arsu. 'Yan sa-kai iri biyu ne. Akwai wanda masu horarwa suka gayyata suka yi masa alkawarin gurbi a ƙungiya ba tare da kuɗi ba, akwai kuma ɗalibin da ya ga sanarwar gwaji ya je da takalmansa. 

Me tallafin ya ƙunsa? Kuɗin karatu, da ɗaki, da abinci, da littattafai. Daga 2015 manyan rukunonin gasa biyar na cikin FBS suka ƙara kuɗin kashewa na 'yan dubban daloli a shekara don sufuri da ƙananan buƙatu. Nauyin da ke kan ɗan sa-kai ya danganta da inda ya fito. Jami'ar gwamnatin jiha tana cajin ɗan wata jiha ninki biyu zuwa uku na abin da take cajin ɗan gida, wasu jami'o'i masu zaman kansu kuma jimillar kuɗinsu a shekara ta haura dala 80,000. Har zuwa 2014 ma akwai bambanci a wajen cin abinci, sai a wannan shekarar NCAA ta yarda a ciyar da kowane ɗan wasa ba iyaka, da mai tallafi da mara shi.

Wani zai ce ai sai ya nemi aiki kamar sauran ɗalibai. Yaushe? Doka ta ce awa 20 a mako ne iyakar abin da koci zai tilasta, amma ranar wasa awa 3 kacal ake ƙirga ta komai tsawonta, kuma tafiya, da jinyar rauni, da kallon bidiyon abokan karawa da yaro ke yi "don kansa" ba sa cikin lissafi. Ga kuma sharaɗin ɗaukar cikakken nauyin darussa kowane zango, in ba haka ba a hana shi wasa. Ɗan sa-kai da ke benci zai iya ɗan lallaɓawa da aikin bazara. Wanda ke sahun farko ba shi da wannan sararin, domin lokacin zafi ma ana sa ran ganinsa a ɗakin ɗaga ƙarfe tun asuba. Tsohuwar dokar ta ƙara masa wani tarko: idan masu horarwa ne suka nemo shi, kuma jami'ar ta ba shi wani taimakon kuɗi na daban, to a wasu halaye da zarar ya taka fili a wasan gasa sai a ƙirga shi cikin 85. Kenan a wancan tsarin ko taimakon da talaucinsa ya ba shi dama a kai yakan iya zama matsala ga ƙungiyar.

Masu horarwa suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Mafi ƙarfi ita ce gurabun a cike suke tun kafin a fara kaka. Yaron da aka ɗauko daga sakandare da alkawarin tallafi, ko da ya kasa taɓuka komai, ba a iya ƙwace nasa a miƙa wa wani. Tun 1973 tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, a 2012 aka halatta bayar da na shekaru da yawa, a 2015 kuma manyan rukunoni suka haramta janye shi don kawai yaro bai taka rawar da aka zata ba. Wannan kariya ce mai kyau, bai kamata a rusa ta don ɗan sa-kai ba. Akwai kuma tsohuwar iyakar sababbin 'yan wasa 25 a shekara. Ɗan sa-kai da aka ba tallafi da wuri yakan cinye ɗaya daga cikin 25 ɗin, amma idan ya shekara biyu a makarantar ba a ƙirga shi. Ga dalilin da ya sa aka riƙa ce wa yara su yi haƙuri sai shekara ta uku, ko da sun riga sun ƙwace gurbin wasa. An dakatar da wannan iyakar a 2022, aka soke ta a 2023.

Sai dai gaskiyar ita ce gurabu kan buɗe kowace shekara. Wani ya koma wata jami'a, wani ya tafi NFL, gasar ƙwararru, da wuri, wani ya kammala karatu a Disamba, wani likita ya ce ya daina. Tambayar ita ce wa za a ba. Koci yakan gwammace ya ajiye gurbin don ya ja hankalin wani sabon yaro, saboda ya san ɗan sa-kai yana hannu, ba inda za shi. Masu bugun ƙwallo da mai miƙa musu ita ta tsakanin ƙafafu su suka fi shan wannan, don an daɗe da ɗabi'ar a ce su zo su nuna kansu tukuna, alhali ƙafar mutum ɗaya kan raba gardama a daƙiƙar ƙarshe.

Wannan lissafin na "ba inda za shi" yana iya juyewa kan mai shi. Baker Mayfield ya shiga Texas Tech a 2013 a matsayin ɗan sa-kai, ya fara wasan buɗe kaka a matsayin jagoran masu kai hari tun yana ɗan shekarar farko. Bayan kaka ɗaya ya tafi, kuma maganar tallafi na cikin abubuwan da shi da makarantar suka yi ja-in-ja a kai. Ya koma Oklahoma, nan ma da kansa ya kai kansa, ya lashe Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2017, aka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen 'yan wasan NFL na 2018. Jami'ar Clemson ta yi akasin haka da Hunter Renfrow: ta ba shi tallafi a 2015 kafin ya yi suna, shi ne kuma ya cafke ƙwallon da ta ba su kofin ƙasa a kan Alabama a Janairun 2017, saura daƙiƙa 1 a tashi. Tun da aka buɗe rajistar masu son komawa wata jami'a a 2018, aka kuma sassauta dokar da ke sa wanda ya koma ya jira shekara ɗaya kafin ya buga wasa a 2021, ɗan sa-kai mai buga wasa yana da bidiyon wasanninsa a hannu, kuma akwai makarantun da za su biya.

Bidiyoyin nan da ake yaɗawa a Agusta, inda koci ke tara 'yan wasa ya yi wa wani ba-zata da takardar tallafi, kowa ya rungume shi ana ihu, suna da daɗin kallo. Abin da ba sa nunawa shi ne tsawon wa'adin. Sau da yawa na shekara ɗaya ne, wani lokacin ma zango ɗaya, saboda gurbin na wani sabon yaro ne da zai iso a Janairu. Kuma salon kansa yana mai da haƙƙi ya zama kyauta daga hannun mai gida.

A 2025 lamarin ya sauya gaba ɗaya. Ranar 6 ga Yuni mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House da NCAA: diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, da izinin kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ga makarantun da suka shiga tsarin, an cire iyakar 85, aka maye gurbinta da iyakar mutum 105 a ƙungiya, kuma jami'a na iya biya wa dukkansu, duka ko wani kaso. Uzurin cewa doka ce ta ɗaure hannun koci ya faɗi kenan. Abin da ya rage shi ne kasafi. Sabon tallafin da aka ƙara ana cire shi, har zuwa dala miliyan 2.5, daga cikin kuɗin rabon can. Dokar Title IX ta 1972 kuma ta ce kuɗin tallafi ya daidaita da yawan maza da mata masu wasa, don haka ƙarin 20 a zari-ruga yakan jawo ƙari a wasannin mata. Rukunin SEC, ɗaya daga cikin manyan rukunonin gasa, duk da arzikinsa, ya zaɓi tsayawa a kan 85 a kakar 2025.

Ɗayan gefen sulhun ya fi ciwo. Ƙungiyar da ke da mutum 125 dole ta sauko zuwa 105, kuma 'yan sa-kai ne ke fita. Mai shari'ar ta matsa har aka keɓe waɗanda ke cikin ƙungiyoyi a lokacin daga ƙirgar, amma wannan sassaucin zai ƙare da kammala karatunsu. Ƙofar da tauraron NFL J.J. Watt ya bi, wanda ya bar tallafinsa a Central Michigan ya je Wisconsin a matsayin ɗan sa-kai, ta ƙara tsukewa. Kyautar Burlsworth, da ake bai wa gwarzon da ya faro a haka tun 2010, za ta riƙa zaɓe ne daga cikin mutane kaɗan.

Hanyar da nake ganin za ta yi aiki ita ce rubutacciyar ƙa'ida da yaro zai gani tun ranar da ya shigo. Kada a ɗaura ta a kan kalmar "sahun farko" kaɗai, domin koci na iya sa wani ya buga zagayen farko, wato karon farko da aka sa ƙwallo a wasa, sannan ya musanya shi, kuma mai bugun ƙwallo ba ya cikin mutum 22 da ake lissafawa a hari da tsaro. A ɗaura ta a kan yawan zagayen da mutum ya buga, wanda kowace ƙungiya ke da alƙalumansa: wanda ya buga rabin zagayen sashensa a wasanni 6 cikin 12, ko kuma shi ne ke riƙe da aikin bugu, ya cancanta. Tallafin ya fara daga zangon Janairu da ke biye, kada a jira Agusta, kuma ya ɗore har ya karɓi digirinsa ko da rauni ya mayar da shi benci. Don kada a ce babu gurbi, ƙungiya ta ware 3 ko 4 tun farkon shekara ta hana kanta yi wa sababbin yara alkawarinsu.

Haɗarin ƙa'ida irin wannan a bayyane yake: kocin da ke tsimi zai iya rage wa yaro wasa idan ya kusa cika sharaɗi. Ban ɗauki wannan da zafi ba, don aikin koci ya rataya ne a kan nasara, kuma da wuya ya ajiye wanda ya fi iyawa a benci saboda kuɗin da bai kai ɗan ƙaramin kaso na albashinsa ba. Wanda ya fi damuna shi ne a fake da kuɗin talla. Tun da aka halatta wa 'yan wasa cin moriyar sunansu a Yulin 2021, wasu kamfanoni sun shigo, kamar Built Bar da ya ɗauki nauyin kuɗin karatun 'yan sa-kai 36 na Jami'ar Brigham Young (BYU) a Agustan wannan shekarar. Abin yabo ne, amma yarjejeniyar kamfani tana ƙarewa ranar da kamfanin ya ga dama, ba ta da kariyar da ke hana janye tallafin jami'a, kuma babu kwamitin makaranta da yaro zai kai ƙara gabansa idan aka yanke ta a tsakiyar zango.