Darussan haɗa kan masu tallafa wa lafiya a Bauchi

Masu ba da tallafi ba sa zuwa hannu rabbana. Kowa da kuɗinsa, da fom ɗinsa, da wuraren da ya riga ya zaɓa. Abin da aikin haɗa kan masu tallafa wa lafiya a Bauchi ya fi koya mini shi ne, dole ma'aikatar lafiya ta riga su fitar da tsarin aikin shekara, da taswirar ƙananan hukumomi 20 da gundumomi 323, kowa ya rubuta inda zai yi aiki da nawa zai kashe. In ba haka ba, sai su yi cincirindo inda kwalta ta kai, ƙauyukan nesa kuwa ko oho.

Ɓarnar ta fi fitowa a ƙaramin asibiti. Ma'aikaciya ɗaya ce ke awon ciki da allurar rigakafi, amma ƙungiyoyi uku kan kira ta bita cikin wata guda, kowa da alawus ɗinsa. Ranar da ta tafi, uwar da ta goyo jariri ɗan mako 10 don allurar Penta ta biyu, wato rigakafin cututtuka biyar, sai ta tarar da ƙofa a kulle, kuma da wuya ta dawo. Maganinsa jadawalin bita guda, alawus iri ɗaya, sannan rahoton kowa ya bi ta DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara bayanan lafiya da ita, kada a tara mata rajista.

Kayan aiki ma haka. Firjin sola yana riƙe allura tsakanin digiri 2 da 8, amma in ya lalace babu kuɗin gyara ko na zuwan makaniki a kasafi, ya zama akwati kawai.

Yarjejeniyar rigakafi da Bauchi ta ƙulla da gidauniyoyin Gates da Dangote a 2014 ta nuna hanya: asusu guda, kason jiha na ƙaruwa, nasu na raguwa. Irin wannan tunani ne a tsarin bai-ɗaya na fannin lafiya na ƙasa da aka sa wa hannu a Disamban 2023, Farfesa Muhammad Ali Pate na ministan lafiya. Sai dai rubuta kaso a kasafi daban, sakin kuɗin daban, don haka takardar banki nake so a kawo duk taron wata uku.

Da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025, an ga illar jingina albashin ma'aikata ga baƙo. Tun ranar sa hannu a kan yarjejeniyar tallafi a rubuta wa zai ɗauki albashin, wa zai sayi magani, kuma daga wace shekara.