Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tayar da Ke Sacewa Cikin Dare

A makon jiya na tsaya a inda na raba kekena na hawan dutse da tub, na koma taya marar tub. Murnar ba ta je ko'ina ba. In na buga wa tayar baya iska da yamma har ma'aunin famfo ya nuna 25, gari na wayewa sai in tarar ta sauko 15. Ba ƙaya, ba ƙusa.

Bawul na fara zargi. Na sa filaya na ɗaure notinsa iya ƙarfina, ashe ɓarna na ƙara, don matsin yana murɗe robar da ke gindinsa. Da yatsu kawai ake ɗaure shi. Na kuma jijjiga ƙafar a kusa da kunnena, na ji ruwan liƙin da ke toshe ƙananan huji yana motsi. Dama yakan yi wata 2 zuwa 6 kafin ya bushe, nawa kuwa ko sati uku bai yi ba.

A haka yayana ya same ni, na yi tagumi.

"Kai dai gaggawa ce matsalarka. Kawo ruwan sabulu."

Ya bi bakin tayar yana shafawa, shiru. Da ya zo gindin ɗaya daga cikin wayoyin ƙafar sai ga kumfa ta taso, ta fashe, wata ta biyo ta a hankali.

"Ka gani? Tayar ba ta da laifi. Tef ɗinka ne."

Rim, wato zoben da taya ke zama a kansa, yana da ramuka inda wayoyin ke shiga, tef ne ke rufe su. Da ya yage, iska sai ta faɗa cikin kogon rim ta fita duk inda ta samu kafa, sau da yawa ta gindin bawul. Shi ya sa bawul ke shan zargin banza.

Muka cire tayar, ga tsaga kamar faɗin farce, daidai inda ƙarfen cire tayata ya karta. Muka goge rim ɗin tas, muka naɗa sabon tef da ya ɗan fi cikinsa faɗi, muna ja sosai, ƙarshensa ya hau farkonsa da kamar santimita 10. Muka zuba ruwan liƙi, muka juya ƙafar ta kowane gefe.

Da safe ma'auni ya nuna 24.

"Yaya, ta riƙe!"

"To, duba ta gaban. Ai ita ma kai ka naɗa mata tef."

Abin da na tarar a can sai mako mai zuwa.