Neman adafta a Legas

Kwana biyu ke nan da dawowata Yawuri, har yanzu in na kwanta sai in ji gado na lilo da ni. Kawuna ne ya kira ni Legas. Shekararsa goma sha yana tuƙa wa wani attajiri jirgin ruwa na shaƙatawa a Ikoyi, shi da ya koyi ruwa a kwale-kwalen kakanmu a kogin Kwara. Hanya ba abin faɗi: Kontagora, Mokwa, gadar Jebba cikin dare, Ilori, Badun, sai ga mu.

Na zaci da isata za a zagaya da ni teku. Ashe aiki ke jirana. A gefen jirgin an rataye wasu abubuwa shida na roba, dogaye kamar tulun gas, suna ce musu fenda. Su ne matashin da ke tsakanin jikin jirgi da simintin gaɓa. Huɗu sun yamutse, ga shi ran Asabar maigida zai fita da baƙi.

Na ce, "Kawu, a rataya tsohuwar taya mana, kamar yadda ake yi a gida." Ya harare ni. "Ɗana, jirgin katako ka sani. Wannan farin faiba ne, taya ta goge shi sai ta bar baƙin tabo, kuma daga albashina za a cire."

Famfon ƙafa muna da shi, amma bakinsa na tayar mota ne. Su kuwa fendojin ba irinsu ɗaya ba. Biyu ƙaramar huda gare su, irin ta ƙwallon ƙafa, allura suke so. Sauran biyun akwai noti na roba a kansu, sai an kwance shi da sukundireba, sannan a danna wani baki mai tsini a ramin. Wannan ɗan bakin, adafta, shi ya ɓata tun bara.

Na fara da wani shagon kayan jirgi a Victoria Island. Sanyin na'ura, ƙamshi, da wani saurayi da ya dubi silifas ɗina kafin ya dubi fuskata. Na gaishe shi bai amsa ba. Ya tambayi sunan kamfanin da ya ƙera fendar, wai kowane kamfani da irin bawul ɗinsa, wanda kuma gaskiya ne. Amma kuɗin da ya kira a kan roba da ba ta kai ɗan yatsa ba, a Yawuri zai saya maka kifin da gida zai ci kwana uku. Na taya, ya ce nan ba kasuwa ba ce. To mene ne, masallaci?

A Obalende na samu wani mai faci, dattijon Bayarabe mai fara'a, ya ce in kawo ya buga mata iska da injinsa. Saura kaɗan in yarda, sai na tuna gargaɗin kawu. Tayar mota tana ɗaukar awo 30 zuwa 35 a ma'aunin masu faci, fenda kuwa wajen 2 kawai take so. Injin nan a ƙiftawar ido zai kumbura ta har ta lalace. Dattijon bai ji haushi ba, shi ma ya nuna mini wani Bakatsine mai gyaran keke a bayan tasha.

Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Ya zazzage wani gwangwanin madara cike da tarkace, ya tsinto allurar hura ƙwallo da ɗan baki mai tsini na hura katifar iska, irin waɗanda ke zuwa kyauta da famfo mutane su yar. Na ciro kuɗi, ya ce, "Haba malam, baƙo ne kai," ya ƙara mini da shayi.

Da yamma muka zauna aiki. Kawu ya jiƙa allurar da ruwan sabulu kada ta yaga bawul, ni ina taka famfo. Mai tsinin bai zauna daram ba, sai da ya naɗa mata salatif ya danne da hannu. Ina jin ƙarfi, ina so ta yi tauri kamar ƙwallo, ya ce in tsaya. Ya danna babban yatsa, ya lotsa kaɗan. "Haka ake so. Rana ta buga ta, iskar ciki za ta ƙaru. Mai tauri kuma ba ta shanye duka, tunkuɗa jirgi take yi."

Ran Asabar muka bi ta ƙarƙashin gadar Falomo muka nufi Tarkwa Bay. A mashigar teku muka ci karo da ƙaton jirgin kwantena mai shiga Apapa, wani ƙaramin jirgi mai ƙarfi na raka shi, jikinsa duk an jera tsofaffin tayoyi. Na nuna wa kawu, ya yi kamar bai gani ba.

Ruwan gishiri bai yi mini ba, kwakwa ma tsada. Litinin na hau motar Kontagora.