Fim ɗin Sloveniya da na yi wa hukunci da gaggawa

A zangon da muka karanta tarihin fina-finan Turai, Sloveniya ce ta faɗo mini. Ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 2, kuma ban taɓa ganin fim ɗinta ko ɗaya ba.

Farkon labarin gajere ne. A 1905 wani lauya, Karol Grossmann, ya ɗauki mutanen garin Ljutomer suna fitowa daga coci. Dogon fim na farko ya zo a 1931, marar murya, kan hawan duwatsu. Wanda ya riƙe ni shi ne Na svoji zemlji na France Štiglic, wato "A Kan Ƙasarmu", na 1948. Shi ne dogon fim mai magana na farko da suka yi, labarin ƙauyawa da 'yan sari-ka-noƙe da suka yaƙi sojojin Italiya da na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu.

Kallo ɗaya na yi masa na rubuta cewa farfagandar gwamnatin Tito ce kawai, wato shugaban Yugoslaviya, ƙasar da Sloveniya take cikinta a lokacin. Malaminmu ya maido mini da takardar ya ce, "Je ka karanta tarihin yankin tukuna."

Can na ga abin da ya wuce ni. Yankin Primorska, inda labarin ya faru, ya koma hannun Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwamnatin Mussolini ta fitar da Sloveniyanci daga makarantu, ta sauya wa mutane sunayensu zuwa na Italiyanci. Ka yi tunanin wanda aka hana shi karatu da harshen uwarsa, yau ga shi zaune a silima yana jin ƙauyawa irinsa suna magana da harshen a majigi. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya mun san daɗin jin Hausa a fim, alhali ba wanda ya taɓa haramta mana ita.

Duk da haka ban janye maganata gaba ɗaya ba. A 1945, bayan yaƙi ya ƙare, dakarun Tito da suka yi nasara sun kashe dubban 'yan ƙasar da suka yi wa Jamus aikin soja, da yawansu a dajin Kočevski Rog. Fim ɗin bai taɓa wannan ba, kuma shirun nan ya dame ni ƙwarai.

Da na sake rubuta takardar, na sa duka biyun a ciki. Ta ɗauke ni mako 3, ta farkon kuwa dare ɗaya na yi ta.